Na Matsar da Burtali Saboda Gonar Surukina

Assalamu alaikum Hajiya Uwaliya,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kafin ruwan farko ya sauka, domin bayan an yi shuka ko kin ba ni ba ta da sauran amfani. Na yi wani abu da hannuna wanda na kasa gaya wa kowa, har matata. Sunayen da za ki gani a takardar nan duk na canza su, garin ma ba zan faɗa ba, illa dai ƙauye ne a yankin Lakwaya ta ƙaramar hukumar Gwarzo.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo. Asalina mutumin Garo ne ta Kabo. Aiki ya kawo ni nan shekara tara ke nan, na yi aure a garin, yanzu 'ya'yana uku. Shekara huɗu da suka wuce ni da wata abokiyar aikina, Malama Furera, muka buɗe wani zama na yara bayan an tashi daga makaranta. Yaran ne suka sa masa suna Zauren Alhamis, saboda Alhamis da Juma'a muke haɗuwa bayan La'asar, ranakun da babu Islamiyya. Babu wanda ya sa mu. Na dai gaji da ganin samari da 'yan mata masu kaifin kai suna zaune bakin titi suna kallon motocin da ke wucewa Kano. Muna koya musu zane da wasan kwaikwayo da muhawara, su kuma kowane zango su zaɓi shugaba da ƙuri'a, su ɗauki matsala guda ta gari su yi aiki a kanta. Sun yashe magudanar kasuwa. Sun rubuta takarda sun bi ta da ƙafa har aka zo aka gyara famfon tuƙa-tuƙan unguwar gabas. Dokokin Zauren biyar ne, ni na rubuta su da kaina a bayan ƙofa, ta farko kuwa ita ce kada wanda ya zana abin da bai gani ba. Ki riƙe wannan, za ki ji inda ta kama ni.

A garin nan akwai gidajen da asalinsu makiyaya ne. Sun daɗe da zama, suna noma kamar kowa, amma ba su rabu da shanu ba. Burtalin da shanun ke bi tsakanin gonaki zuwa rafi ya tsuke, a wasu wuraren da ƙyar amalanke zai wuce. Bara da damina shanu suka kutsa cikin gyaɗar wani, aka yi cacar baki, aka fito da sanduna, sai da dagaci ya shiga tsakani. Yara biyu a Zauren, ɗan mai gyaɗar da ɗan mai shanun, suka yi wata biyu ba sa ko gaisawa. Shi ya sa da aka zo zaɓen aikin wannan zango kusan kowa ya ɗaga hannu kan burtali. Shawararsu ita ce a gano inda tsohon burtalin yake tun na asali, a zana taswirarsa, a ɗora ta da fenti a bangon makaranta mai kallon titi, don kowa ya gani ba sai an yi musu ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi ta cika baki a ofishin malamai cewa yarana sun fara tunani.

Shugabar wannan zango wata yarinya ce, Sa'ada, 'yar aji biyar, shekararta goma sha shida. Ta kayar da samari biyu a zaɓe ba tare da ta yi wani dogon jawabi ba. Ba mai surutu ba ce, amma komai sai ta rubuta a wani ƙaramin littafi mai jan bango. A al'adar Zauren shugaba ke riƙe makullin akwatin fenti, don haka yana hannunta. Ita ce ta je da kanta ta roƙi wani dattijo, Baba Mijinyawa, wanda ya yi kiwo a burtalin tun yana yaro, ya yarda ya zagaya da mu.

Juma'a uku muka yi muna bin sa cikin zafin bazara. Tsohon ba ya sauri kuma ba ya kuskure. Sai ya tsaya a tsakiyar gonar mutum, ya caka sandarsa a ƙasa, ya ce a tona nan, a tona kuwa a tarar da ruɓaɓɓen kututturen aguwa, shingen da aka yi wa burtalin tun zamanin iyayensa. A faɗarsa faɗin hanyar taki talatin ne daga aguwa zuwa aguwa. Yara maza na takawa suna ƙirgawa, Sa'ada na rubutawa. Gonaki bakwai ne suka shigo cikin burtalin, wata taki uku, wata shida. Ni kuwa ina biye ina yi musu bayanin gabas da yamma, ina jin kaina wani babban masani.

A Juma'a ta uku muka iso wata tsamiya. Baba Mijinyawa ya dafa ta ya ce a da tana tsakiyar burtali, a gindinta suke hutawa in rana ta take. Yanzu tsamiyar tana can cikin gona. Aka taka, aka samu gonar ta ci taki goma sha takwas, ta fi kowace ci. Gonar surukina ce, mahaifin matata. Yaran duk sun sani, domin babu wanda ya kalle ni, kowa ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ce ta zama abin kallo. A ɗaya gefen gonar Malam Ubaidullahi ce, ladanin masallacinmu, shi aguwarsa tana nan a raye ko taki ɗaya bai shigo ba.

Sai na gaya miki wane ne surukina a wurina, in ba haka ba za ki ɗauka ni matsoraci ne kawai, ko da yake wataƙila hakan ne. Na zo garin nan ban san kowa ba, da jakata ɗaya da katifa. Mutumin nan ya ba ni 'yarsa ba tare da ya wahalar da ni ba, ya yanka mini fili a bayan gidansa na yi ɗakuna biyu. Shekara bakwai ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa kama sunansa ba, har akwai wani yaro a ajina mai irin sunan, Mai Sunan Baba nake ce masa, yara na dariya. In na hango shi tafe a hanya nakan cire takalmi tun daga nesa in tsuguna. Duk maganar da ta taɓa haɗa mu a shekarun nan ba ta wuce gaisuwa da ya iyali ba. Kuma ba azzalumi ba ne. Na san yadda irin wannan ke faruwa: bana mai garma ya ƙara taki ɗaya don ya samu wurin juya shanun huɗa, baɗi wani ya ɗora daga inda wancan ya tsaya, shekara ashirin sai ga tsamiya a cikin gona. Mai yiwuwa shi kansa bai taɓa tsayawa ya lissafa ba.

Yaran suka zana taswirar da fensir a babban kwali, suka ba ni in bi ta da baƙin alƙalami kafin a ɗora a bango. Ran Asabar bayan Azahar na shiga aji ni kaɗai, na shimfiɗa kwalin a tebur. Na daɗe ina kallon wurin tsamiyar. Abin da ke yawo a kaina shi ne yadda za a ce baƙon da aka ba mata aka ba fili, shi ne ya tara yara ya rubuta laifin surukinsa da fenti a bakin titi. Na ɗauki kilina na goge layin. Na sake ja, na lanƙwasa burtalin a daidai nan kamar bakin lauje, yadda gonar surukina ta fita tas. Da yake ni malamin labarin ƙasa ne, ban yarda faɗin ya ragu ba, sai na matsar da ɗaya layin ma don ya ci gaba da zama taki talatin, ya ɗan hau gonar ladan. Sauran gonaki shida ban taɓa su ba. Na bi da baƙin alƙalami, ya yi kyau abinsa, wanda bai taka wurin ba ba zai taɓa ganewa ba.

Ran Alhamis na kafe kwalin a allo. Yara suka yi ta yabawa. Sa'ada ta matso ta duba, ta buɗe jan littafinta, ta sake duba kwalin, sannan ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya. Nan take na sha jinin jikina. Sai da kowa ya watse, ta tsaya daga bakin ƙofa, Malama Furera na waje tana jiran ta, ta tambaye ni a hankali ko Malam ya ga kuskure ne a ƙirgarsu ta wajen tsamiya. Hajiya, da a nan na tsaya na faɗi gaskiya da ban rubuto miki ba. Sai na ɗauko mata dogon bayani kan ma'aunin taswira, wai takarda ba ta taɓa yin daidai da ƙasa, wai takin mutum ba ya zama ɗaya. Ta saurara har na gama. Ta ce to Malam, ta gode. Washegari na tarar da makullin akwatin fenti a kan teburina, an ɗora masa alli don kada ya ɓace cikin takardu.

Mako biyu ke nan ba ta zo Zauren ba. A aji tana nan yadda take, ta rusuna ta gaishe ni, in na yi tambaya ta ɗaga hannu ta amsa daidai. Da ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi. Na lura ba ta gaya wa kowa ba, domin sauran yaran sun ɗauka shirin jarrabawa ne ya riƙe ta, Malama Furera ma haka take zato. Makullin yana aljihuna, da shi nake zuwa masallaci da shi nake zuwa kasuwa, na rasa inda zan ajiye shi.

Mun riga mun aika wa dagaci cewa Juma'a ta sama ya zo ya ga bango. An fara sharar gona, hadari na haɗowa ta gabas kusan kullum da yamma yana watsewa. Da zarar an yi shuka babu mai matsar da iyaka sai bayan kaka, shanun su Baba Mijinyawa kuma su sake damina a titin mota ko a gonar wani.

Matata, Ikilima, ban gaya mata ba. Ina tsoron in sa ta a tsakiya. Akwai ranar da take ba yaranmu labarin ƙuruciyarta, ta ce su da ƙannenta sukan tsaya a bakin shingen gonarsu suna kallon shanu na wucewa ta gindin tsamiya, suna yi wa makiyaya waƙar tsokana. To wadda ke da irin wannan tunani mai daɗi game da wurin, yaya zan je in ce mata mahaifinta ya cinye hanyar?

Na yi tunanin in bari a ɗora taswirar yadda na gyara ta, in yi shiru, yarinya ce za ta manta. Na yi tunanin in ce shugaban makaranta ya hana a taɓa bango, aikin ya mutu kowa ya huta. Har takardar neman canjin wurin aiki zuwa Kabo na fara rubutawa, na tsaya a layi na biyu. In kuma na mayar da layin inda yake, ban san da wane ido zan kalli mutumin da nake kwana a filinsa ba. Ina jin kunyar surukina, ina kuma jin kunyar yarinyar nan, ban san wadda ta fi ba. Ki gaya mini abin da zan yi, ko da mai ɗaci ne.

Naki,
Malamin da ke yawo da makullin da ba nasa ba


Wa alaikumus salam Malam,

Na karanta takardarka sau biyu. Ban taɓa jin wanda ya matsar da hanyar shanu taki goma sha takwas ba tare da ya ɗauki fartanya ba sai kai, kuma har ka tsaya ka tabbatar faɗin bai ragu ba. Aikin ya yi tsabta, sai dai ba shi da kyau, kuma ka san haka tun ranar Asabar ɗin.

Bari in fara da abin da yake naka. Kunyar suruki ba wauta ba ce. Ni ma ina da surukai maza biyu, ɗayansu in ya ji muryata a tsakar gida sai ya ajiye cokali, kuma ba na son ranar da zai daina. Mutumin da ya karɓe ka kana baƙo ya ba ka 'ya ya ba ka wurin zama yana da haƙƙi a kanka, kuma gaskiyarka ne da ka ƙi yarda ya fara jin maganar gonarsa daga bakin masu wucewa a titi. Da ka bari an yi masa haka da na ga baƙinka.

Amma ka koma ka karanta takardarka ka ga layi nawa ka ba Malam Ubaidullahi. Kai kana ganin abin da ka yi shi ne ka cire surukinka. Abin da ka yi ya wuce nan. A cikin masu gonakin da ka lissafa mutum ɗaya ne ya bar aguwarsa inda ya gaje ta, shekara da shekaru yana kallon na gefensa na ƙara faɗi bai taɓa ba, shi ne kuma ka ɗauki laifin ka ɗora wa, ka ce ya ɗan hau. Taki goma sha takwas ba ɗan hawa ba ne. In aka sa taswirar nan a bango da fenti, dagaci ya gani, gari ya gani, nan da shekara biyar ita za a riƙa nunawa in rigima ta tashi, 'ya'yan ladan su rasa bakin magana. Kunyar suruki ba ta ba ka izinin wannan ba. Don haka shawararka ta farko ka cire ta daga lissafi. Ta biyu ƙarya ce a kan ƙarya, ka kuma jawo shugaban makaranta cikin abin da bai sani ba. Ta uku kuwa, Kabo ba ta da nisan da za ta ɓoye ka, kuma matarka 'yar garin ce.

Akwai wani kuskure da ya riga wannan, wanda ba ka ambata ba. Ka ɗauki yara ka shiga da su maganar iyakar gona, ka nufi bangon bakin titi kai tsaye, ba ka bi ta kan masu unguwa ba, ba ka sa an zauna da masu gonakin ba. Yashe magudana daban, iyakar gona daban. Sauran mutum shida ɗin ma surukan wasu ne, iyayen wasu ne, wataƙila har da iyayen yaran Zauren. Zafin da ka ji a gindin tsamiya wani yaro ya ji shi tun Juma'ar farko, ba shi kuwa da kilinar goge layi. Koya wa yara shugabanci ya haɗa da koya musu ta ƙofar da ake shiga gidan manya.

Ga abin da nake ganin za ka yi, kuma a wannan jerin.

Ka fara da Sa'ada, gobe in Allah ya kai mu. Kada ka kira ta ofis kai kaɗai. Ka fara gaya wa Malama Furera komai, sannan ku zauna ku uku. Maganar gajera ce: ƙirgarta daidai ce, kai ka canza layin, ga dalilin, kuma bayanin ma'aunin da ka yi mata ba gaskiya ba ne. Wannan na ƙarshe kada ka tsallake shi. Goge layin laifi ne ga ladan, amma abin da ka yi wa yarinyar shi ne ka tsaya a matsayin malaminta ka nemi ta yi shakkar abin da ta taka da ƙafarta ta rubuta da hannunta. Ba ta yarda ba, Allah ya yi mata albarka, sai dai mako biyu ke nan 'yar shekara goma sha shida tana rufa wa malaminta asiri ita kaɗai. Wannan kaya ya yi mata yawa. Ka ce yarinya ce za ta manta. Ba za ta manta ba, Malam. Zaɓin da ya rage maka shi ne wane ƙarshen labarin za ta riƙe. Bayan ita, ka faɗa wa Zauren gaba ɗaya ran Alhamis, a taƙaice, ba tare da ka mayar da abin wa'azi ba.

Sai matarka. Kai da kanka ka rubuta cewa ta tsaya a bakin shingen gonarsu tana kallon shanu na wucewa ta gindin tsamiya. Wato ta san inda shingen yake a da, ta kuma san inda tsamiyar take yau. Me ya rage da za ka sanar da ita? Ita ta sani, ladan ya sani, mai garma ya sani, ina kyautata zaton surukin naka ma ya sani, kowa ya yi shiru ne saboda ba a samu wanda zai fara ba. Ba cewa na yi ka aike ta wurin mahaifinta ba, wannan ba aikinta ba ne. Ka dai gaya mata, ka tambaye ta wane ne mahaifinta ke jin maganarsa. Ta fi ka sanin gidan.

Shi kuwa surukin naka, babu wanda ya ce ka je ka tsuguna a gabansa ka ɗauko maganar gona. Al'adar da ta hana ka yi masa magana ita ce ta tanadi masu yi maka. Da za ka nemi 'yarsa ba kai ka je ba, manya ka tura. Ka hau babur ka je Garo ka ɗauko baffanka ko duk wanda ya karɓa maka auren, ya sami aminin surukinka da goro, su biyun su same shi a zaurensa. Saƙon shi ne: yara sun taka burtali, ga abin da aka samu a gonaki bakwai, ba a nuna wa kowa ba tukuna, ɗanka ya ce ba zai bari ka ji a waje ba. Ku tsaya nan, kada ku ce ya yi kaza. Dattijo irin wanda ka kwatanta ya fi son a ce shi ya fara mayarwa da a ce an karɓa daga hannunsa. In Allah ya sa ya ce a dasa aguwa a tsohon wurin, yaran Zauren su yi masa gayya su dasa, sauran shida kuma zai yi musu wuya su noƙe bayan mai taki goma sha takwas ya saki.

Sannan ku je wurin dagaci kai da Malama Furera da Sa'ada, ku roƙi a ɗage Juma'ar da mako guda, ya tara masu unguwa da masu gonakin da Baba Mijinyawa su ga kwalin a zaurensa kafin fenti ya taɓa bango. A taswirar kada a rubuta sunan mai gona ko ɗaya. A sa tsamiya, a sa rafi, a sa wuraren da aka tono aguwa, a rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne burtali kamar yadda dattawa suka nuna. Yara ba alƙalai ba ne, shaida suka kawo, hukunci na masu gari ne. Mako guda kawai na ce, domin kai ka gaya mini hadari na haɗowa.

Ba zan yi maka alkawarin zai karɓa da fara'a ba. Yana iya jin zafi, yana iya yin damina guda yana amsa gaisuwarka da ka. In hakan ta faru ka ci gaba da cire takalminka daga nesa kamar yadda ka saba, ka jure. Ka riga ka ba shi haƙƙinsa tunda ya ji daga bakin manya kafin kowa. Abin da ba shi da haƙƙi a kansa shi ne gonar ladan, kuma ina zaton da za a gaya masa abin da surukinsa ya yi don kare shi, shi zai fara jin kunya.

Layin kuma kada ka mayar da shi da hannunka. Ka riga ka bi shi da baƙin alƙalami, ba ya goguwa, don haka sabon kwali za a saya. Ka shimfiɗa shi a tebur, ka ja gefe, wadda ke da jan littafi ta ja layinta ta gindin tsamiya inda ta gan shi. Mai yiwuwa ba za ta dawo ranar farko ba, kada ka matsa mata. Amma makullin nan da kake zuwa masallaci da shi, ba kai ka ba ta ba balle ya dawo wurinka, yara ne suka zaɓe ta. Ka mayar wa mai shi kafin Alhamis.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran surukinka, ya raya Sa'ada da sauran yaran Zauren, ya ba mu damina mai albarka da shanu za su je rafi su dawo lafiya.

Taku,
Hajiya Uwaliya